Takieta: An Ɗaga Darajar Gari, Ina Rabon Talaka Cikin Mulki?

 

An nemi in yi bayani a kan ƙasar Takieta, yadda Allah ya shimfiɗa ta da yadda mutane suke mulkinta. Waɗansu za su ce wannan ai darasin ƴan lakwal ne, wanda mushe yake zanawa a allo, yara su haddace su manta. To, ni a ganina babu maganar siyasa da ta fi wannan nauyi, domin duk rigimar da ake yi a karkara, in ka bi ta zuwa tushe, za ka tarar da gona, ko rijiya, ko burtali, ko kuɗin kasuwa. Wanda yake da ikon yanke magana a kan waɗannan abubuwa huɗu shi ne yake mulkin talaka, ko da sunansa bai taɓa fitowa a gidan rediyo ba.

Mu fara da inda garin yake. Matafiyin da ya taso daga Yamai bisa babbar hanya mai lamba 1, in ya wuce Maraɗi, ya wuce Tasawa, ya bar Maijirgi a baya, to ya fita jahar Maraɗi ya shigo jahar Damagaram, kuma babban garin da zai fara taras shi ne Takieta. Daga nan saura kamar kilomita 50 ya shiga birnin Zinder, ta Tirmini. Amma a nan Takieta hanya ta rabu biyu. Ɗaya reshen ya yi kudu, ya bi ta Kance da Matamaye har iyaka a Ɗan Barto, daga can sai Daura, sai Kano. Ke nan garin mararraba ne. Kamyon da ya ɗauko wake ko bisashe zai yi Najeriya, da motar da ta kwaso kayan masarufi daga Kano, da ɗan ci-rani mai tafiya bayan girbi da buhunsa a ka, duk sai sun ratsa ta nan. Da yawa daga cikin masu wucewa ba su san komai game da Takieta ba face tasha da masu talla da shingen jandarma. Mutanen garin kuwa sun san cewa numfashinsu yana haɗe da wannan hanya. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, da kuma lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 2023, ba sai an karanta jarida ba kafin a sani. Mai tuyar ƙosai ta bakin hanya ta riga kowa sani.

In ka sauka daga gudro ka shiga cikin ƙasa, sai ka ga Takieta tana zaune ne tsakanin duniya biyu. Kudu da ita ƙasar Kance da Matamaye ce, ƙasar koramu, inda ruwa yake kusa, ake noman rake da kayan lambu, gawo kuma ya cika gonaki. Arewa da ita hanyar Damargu ce, inda ruwan sama yake ƙara ja da baya, garuruwa suke ƙara nisa da juna, har a kai ga layin da dokar 1961 ta shata a matsayin iyakar noma, wanda bayansa ƙasa ta kiwo ce. Ita Takieta tana cikin ƙasar noma, amma a gefenta. Akwai jigawa mai karɓar hatsi da wake da gujiya, akwai tudu mai marmara da fako wanda ruwa yake zamewa a kai ba ya shiga, inda sai geza da sabara da anza suke iya rayuwa, akwai kuma kwari nan da can da tabkuna masu riƙe ruwa ƴan watanni bayan damina. Ruwan shekara ba ya wuce ƴan ɗaruruwan milimita, cikin wata uku, kuma ba a san ranar zuwansa ba balle ta tafiyarsa. Rijiya a wurare da yawa mai zurfi ce, sai da jaki ko sa ake janta. Irin wannan ƙasa ba ta ciyar da mutum da sana'a ɗaya. Shi ya sa manomin nan makiyayi ne, makiyayin nan kuma yana da ƴar gonarsa, kuma kusan kowane gida yana da ɗa a Kano ko Legas ko Agadas ko Libiya.

Sai mutane. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Takieta mutum 246,818, a cikin ƙananan hukumomi uku: Tirmini mai 116,011, Garagumsa mai 69,028, da Dakusa mai 61,779. A lura da kyau, babu ƙaramar hukuma mai suna Takieta. Garin yana cikin Garagumsa, shi ne mazaunin magajin garinta, shi ne kuma mazaunin gunduma. Wannan lissafi ya tsufa, domin a yadda aka auna haihuwa a ƙasar nan tsakanin 2001 da 2012, jama'a tana ninkawa cikin ƙasa da shekara ashirin. Gona kuwa ba ta haihuwa. Abin da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma suke rabo, kuma hutun da ake ba gona a da, a bar ta ta yi saura shekara uku ko huɗu, ya zama labari. Sannan ku dubi siffar gundumar a taswira. Ba ta dunƙule ba, ta rungumi birnin Zinder ne daga yamma da arewa. Dakusa tana arewa da birni, wajen hanyar Tanut. Mutumin can da yake da takarda a hannun hukumar gunduma, in zai hau mota, sai ya shiga Zinder, ya wuce ofisoshin jaha duka, sannan ya sake neman motar Takieta. An ce an kawo masa mulki kusa. To, Allah ya sa haka.

Yaya aka yi aka zo nan? Sai mun koma baya kaɗan. A zamanin sarakunan Damagaram, musamman zamanin Tanimu wanda ya rasu a 1884, wanda ya kewaye birni da ganuwa ya kuma faɗaɗa daula, ba a mulkin ƙasa da layi a takarda. Mutane ake mulki. Gari kaza yana bin wane a fada, ta hannunsa yake kai gaisuwa da zakkar hatsi, ta hannunsa yake kai kuka. Fulani suna da nasu jagora, Buzaye suna da tasu hanyar shiga fada. Mai gari shi yake ba baƙo wurin sara, shi yake sanin inda gonar wane ta tsaya. Ba na cewa zamanin adalci ne tsantsa, don an yi yaƙi an kama bayi, talaka kuma ya sha nauyi. Abin da nake so a riƙe shi ne, tsarin ya san cewa mutane iri-iri suna cin ƙasa ɗaya a lokuta dabam-dabam. Wannan tsari a cikin gundumar nan aka karya shi. A ƙarshen watan Yuli na 1899, ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawawwaki tun daga bakin Kwara har ƙasar Tasawa, ta gamu da dakarun Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini. Bindigar Nasara ta rinjayi doki da mashi, aka shiga Zinder, aka bi sarki aka kashe shi cikin wannan shekara. Duk yaron da yake karatu a Tirmini ya kamata ya san abin da ya faru a bayan garinsu.

Faransawa ba su zo da niyyar sanin wa yake shayar da garkensa a wane tabki ba. Abu biyu suke so, lanho da ƴan aikin tilas. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin makirci, suka kore shi daga ƙasa, sarautar ba ta dawo ba sai 1923. A cikin wannan tsakani ne aka kafa mulkin kanto da ƙarfi: a tara garuruwa a ƙarƙashin sarki guda, a rubuta kawuna, a ɗora masa alhakin kawo kuɗi ga kumandan. Garagumsa da Tirmini da Dakusa duk kantuna ne, kuma sunayen nan uku su ne sunayen ƙananan hukumominmu na yau. Wato kwandon da Bature ya saƙa domin tara haraji, shi aka wanke aka zuba dimokuraɗiyya a ciki. Bayan samun mulkin kai, gyaran 1964 ya sa yankin nan a ƙarƙashin Mirya, daga baya aka buɗe ƙaramar barikin mulki a Takieta, mai karɓar umarni daga can. Zamanin Janar Seyni Kunce aka zo da tsarin samariya da ƙungiyoyin manoma da majalisu tun daga ƙauye har sama. An yi aikin gayya, an gina azuzuwa da laka, ba a musu. Amma kowa ya san daga wane ɓangare magana take gangarowa.

Babban taron ƙasa na 1991 shi ya ɗaga maganar sakar wa yankuna mara, kuma mutanen Damagaram suna cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kai, don birninsu ya taɓa zama hedikwatar ƙasa kafin a mai da ita Yamai a 1926, kuma ba su manta ba. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 da ƴan tawayen arewa ta sake jaddada alkawarin. Aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairu na 1999, aka yi rikici a kan sakamako, kotu ta soke wani sashe, kafin a gyara sai aka kashe Shugaba Ba'are a watan Afrilu, magana ta bi ruwa. Sai a 2002 doka ta kafa ƙananan hukumomi 265 a faɗin ƙasa, sai ranar 24 ga Yuli 2004 talakan Garagumsa ya jefa ƙuri'a a karon farko domin zaɓen waɗanda za su zauna a majalisar ƙaramar hukumarsa. Shekara goma sha uku ke nan tsakanin alkawari da cikawa.

Tsarin a takarda ba shi da laifi. Jama'a suna zaɓen kansiloli ta jerin sunayen jam'iyyu, kansiloli su zaɓi magajin gari daga cikinsu, su zauna su amince da kasafin kuɗi, su bi sawun yadda aka kashe. Sarkin kanto yana da kujera a majalisa, yana ba da shawara, amma ba ya ƙuri'a. Zaman majalisa a buɗe yake ga kowa, ko da yake kaɗan ne suka san haka, kuma takardun da Faransanci ake rubuta su, harshen da mafi yawan masu biyan haraji ba su ji, har da waɗansu kansilolin. To amma ku ƙirga tare da ni. Majalisar 2004 ta yi wa'adinta. Aka yi wani zaɓe a Disamba 2009 cikin rikicin tazarce, ƴan adawa suka ƙaurace, juyin mulkin Fabrairu 2010 ya share shi, aka naɗa kantomomi. Aka yi zaɓe a Janairu 2011. Wa'adin waɗannan ya ƙare a 2016, aka yi ta ƙara musu wata shida-shida har zuwa Disamba 2020, ba tare da an koma wa masu ƙuri'a ba. Waɗanda aka zaɓa a 2020 kuma aka rusa majalisunsu a watan Afrilu na 2024, aka sake naɗa kantomomi. Cikin shekara ashirin, sau biyu aka tumɓuke shukar, sau ɗaya aka bar ta ta wuce lokacin girbi da shekara huɗu. Sannan a zo a ce mana ba ta yi ƴaƴa ba. Kantoma yana iya zama mutumin kirki, yana iya fin magajin gari gaskiya da ƙwazo. Amma fuskarsa tana duban wanda ya naɗa shi, kuma ranar da ya yi ba daidai ba, tsohuwar da ta biya kuɗin rumfa a kasuwa ba ta da hanyar sauke shi.

A watan Agusta na 2011 aka ɗaga barikokin mulki 27 suka zama gundumomi, adadin gundumomin ƙasa ya tashi daga 36 zuwa 63. A nan aka yanki Takieta da Damagaram Takaya daga jikin Mirya. An yi murna, kuma akwai dalili: ba sai an ratsa Zinder an tafi Mirya neman sa hannu ba, ma'aikatan gona da na dabbobi da na ilimi sun matso. Sai dai a fahimci abu guda da masu jawabin biki ba su cika faɗa ba. Gunduma ba ta da majalisa zaɓaɓɓiya. A tsarin dokar 2010 jaha da ƙaramar hukuma ne kaɗai suke da majalisa da kasafin kansu. Parfe wakilin gwamnati ne, daga Yamai ake turo shi, aikinsa ya duba ko abin da ƙaramar hukuma ta yanke ya dace da doka. Ke nan abin da ya matso kusa a 2011 idon gwamnati ne. Bakin talaka yana nan inda yake.

Yanzu sai maganar da ba a so, maganar kuɗi. Babban harajin ƙaramar hukumar karkara shi ne na kai, wanda ya daɗe a tamma 700, wato dala ɗari da arba'in, ga kowane baligi a shekara. Masu gari suke tarawa, a ba su ladan wani kaso, sarkin kanto ma a ba shi nasa. Mu yi lissafin kasuwa. A ƙaddara mutum 30,000 ne za su biya a Garagumsa, kuma a ƙaddara kowa ya biya, abin da bai taɓa faruwa ko'ina ba. Miliyan 21 ke nan. A cire ladan masu tarawa, a biya sakatare da mai riƙon kuɗi da mai rubuta haihuwa, a sayi man mota, a biya kuɗin zaman kansiloli. Me ya rage na gina aji, alhali ajin siminti guda yana cin miliyoyi? Shekarar da damina ta yi gardama kuwa, wane mai gari ne zai shiga gidan da rumbu yake wayam ya ce a kawo dala ɗari da arba'in? Sannan ga siyasa: lokacin yaƙin neman zaɓe ba a rasa ɗan takarar da zai raɗa wa mutane cewa in ya hau babu haraji, in ya hau kuma ya tarar da asusu babu ko tamma. Saura kuɗin kasuwa da na tasha da na cinikin bisashe, kuma nan ne ramin yake, domin tsakanin hannun mai tikiti da akwatin hukuma akwai tafiya mai nisa. Babbar hanyar da ta ratsa garin, kuɗin da ake karɓa a shingenta na asusun hanyoyi ne na ƙasa. Takieta tana shan ƙura da haɗari, kuɗi yana wucewa. A 2016 gwamnati ta ce ta miƙa wa ƙananan hukumomi ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. An miƙa kayan, jakin ɗauka ne bai iso da ƙarfinsa ba. Shi ya sa in ka ga rijiyar burtsatse ko sabon aji a ƙauye, yawanci akwai allon wata ƙungiyar waje a gefe, kuma magajin gari ya koma mai rakiyar baƙi, yana roƙon a sa ƙauyen kaza cikin lissafi.

Akwai wata matsala da ta fi ta kuɗi ɓoyuwa. Dokar da ta kafa ƙananan hukumomi ba ta bi ƙasa ta kafa duwatsun iyaka ba. Garuruwa aka jera: wannan yana bin nan, wancan yana bin can. Tsakanin gari da gari kuwa akwai daji, akwai tabki, akwai mashaya, kuma waɗannan ba su shiga jeri ba. Ga kuma mutanen da ba su da gari cikin jerin. Bafillacen da yake haurawa arewa da farkon damina, ya gangaro kudu bayan an saki gonaki, yana ratsa ƙasar nan sau biyu a shekara tun kakanninsa. Harajinsa wurin arɗonsa yake biya, wataƙila a wata ƙaramar hukuma mai nisa, can kuma yake ƙuri'a in ya samu yi. A nan yana sayen dusa, yana sayar da rago, yana biyan kuɗin kasuwa, yana barin taki a gona, amma ranar da majalisa za ta yi magana a kan burtalin da yake bi, ba shi da kujera. Manomin da gonarsa ta ƙanƙance shi ma ba mugu ba ne in ya ɗan ci gefen burtali kamu ɗaya bana, kamu ɗaya baɗi. Haka hanya take tsukewa har ranar da garke zai faɗa cikin wake. Mun san inda irin wannan take kaiwa. A Toda, cikin jahar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, sama da mutum ɗari aka kashe rana ɗaya, mafi yawansu mata da yara, a daidai lokacin da manyan ƙasa suke zaune a Yamai suna tsara dimokuraɗiyya.

Amma ba sai mun je wata ƙasa neman misalin gyara ba, yana nan a bayan gari. Ina nufin gandun dajin Takieta, mai faɗin eka 6,720 a ma'aunin hekta, wanda Faransawa suka keɓe tun kafin mulkin kai. Keɓewar nan ma'anarta ita ce, daji ya zama na gwamnati, mutanen da suke kewaye da shi suka zama ɓarayi a cikinsa. Mace ta shiga ɗebo itace da faɗuwar gaba, makiyayi ya ga ɗan gandun daji ya ruga, wanda yake da abin hannu kuma ya sayi shiru. Abin da aka ce na gwamnati ne, kowa ya ɗauke shi na banza. Aka yi farin 1973 da na 1984, jama'a ta ƙaru, gonaki suka kutsa ciki, gatari ya yi ta aiki da dare, har aka fara cewa gara a raba shi kowa ya huta. Ku tuna fa, a yankin da gonaki suka haɗe baki da baki, wannan daji shi ne babban wurin da dabba za ta sa ƙafa da damina ba ta taka shukar wani ba. Da an raba shi, da manoma ƴan kaɗan sun samu gona ta shekara biyar a kan fako, da kuma an toshe numfashin kiwo na yanki guda.

Daga 1995 zuwa 2000 aka yi wani aiki a kan dajin tare da ƙungiyar SOS Sahel da ma'aikatar muhalli. Abin da ya bambanta shi da ayyukan da muka saba gani shi ne, bai fara da dashen itace da ɗaukar hoto ba. Ya fara da tambaya: su wa suke cin dajin nan? Aka nemo su, garuruwan da ke kewaye, da Fulani da Buzaye mazauna, da masu wucewa waɗanda sai an bi su mashaya ko kasuwa kafin a same su, da mata masu itace da ganye. Aka yi shekaru ana zama, ana gardama, har waɗansu suka gaji suka ce aikin nan surutu ne kawai. Daga cikin surutun nan aka tsaya a kan daji ya zauna daji, aka kafa ƙungiya mai suna Ku Tayani, wadda masu amfani da dajin suka zaɓi wakilanta, gwamnati kuma ta yarda ta raba ragamar kula da shi da su. Labarin ya fita har ƙasashen waje, masu bincike suka rubuta shi. Ban kawo shi don in ce an gama da matsala ba. Kowace ƙungiya tana tsufa, shugabanni suna son daɗewa, kuɗi yana kawo zargi. Na kawo shi ne don a ga cewa shekara huɗu kafin zaɓen kansiloli na 2004, mutanen Takieta sun riga sun gwada mulkin da ya bi amfanin ƙasa, wanda ya ba mai wucewa kujera kusa da mazauni. Majalisar ƙaramar hukuma, da dokarta da hatiminta, ba ta kai nan ba.

Kayan aikin ma akwai su. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gona ta gado daidai da ta takarda, ta kuma tanadi hukumomin kula da filaye, inda sarakuna da ma'aikata da wakilan manoma da na makiyaya da na mata suke zama tare. Mirya, wadda Takieta take ƙarƙashinta a lokacin, tana cikin wurare biyu na farko da aka gwada su a 1994, ita da Maine Sorowa. Dokar kiwo ta 2010 ta ce tafiya da dabbobi haƙƙi ne, burtali kuma dukiyar kowa ce da ba a sayarwa. Kazalika mun ga abin da ya faru kudu da mu, a Matamaye da Magariya da Mirya, inda manoma suka cika gonakinsu da gawo ta hanyar sassaben zamani, ba da umarnin kowa ba, tun daga ranar da suka tabbata itacen da suka raina a gonarsu nasu ne.

Saboda haka, tun da a 2025 an ce ƙasa ta shiga wa'adin sake gini na shekara biyar, ga abin da nake ganin mutanen gundumar nan ya kamata su riƙa faɗa duk inda aka tambaye su, ko ba a tambaye su ba. A dawo da majalisun ƙananan hukumomi ta hanyar ƙuri'a, a kuma rubuta cewa rikicin Yamai ba dalili ba ne na rushe majalisar Garagumsa. Me kansilan ƙauye ya sani game da abin da ya haɗa manya faɗa? Kafin ranar ta zo, wanda duk yake riƙe da hatimi, zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, ya fito sau biyu a shekara ranar kasuwa, ya karanta da Hausa abin da ya shigo da abin da ya fita, tikiti nawa aka buga, nawa aka sayar. Wannan ba ya bukatar sabuwar doka ko kuɗin Turawa, lasifika guda ya isa. A bi burtalai da mashayu na ƙananan hukumomin nan uku a kafa musu alama tun da sauran dattawan da suka san inda suke, a gaban masu gari da arɗaɗɗai, a ajiye takardar a inda kowa zai iya gani. Makiyaya masu ratsawa a ba su wakili mai magana a zaman da ya shafi ƙasa da ruwa, kamar yadda aka yi a dajin. Maganar Dakusa kuma a sake dubanta da taswira a shimfiɗe, a tambayi mutanen can ko Takieta ce ta fi musu sauƙi, ko kuwa ofis ne ya kamata ya riƙa zuwa musu ranar kasuwarsu.

Mai girma shugaban zama, na ga ana yi mini nuni da agogo, kuma na san akwai iyayenmu masu gari a nan da suka fi ni sanin inda kowane burtali ya bi, ina so a ba su lokaci su yi magana kafin la'asar.